Bayan Dutse Namu, Fuskarsa ta Baffa

Na ga malaman ƙarya iri-iri a Makka, don gari ne da kowa ke shigowa da buƙata a baki, amma ban ga wanda ya kai ƙanin ubana rashin ta-ido ba. Ya daɗe da rasuwa, kuma an ce a ambaci mamaci da alheri. To na duba, na laluba, alheri ɗaya na samo masa: ba ya munshari. Sauran ga shi nan zan faɗa, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Wanki ne sana'armu, ni da Innata. A unguwar Takari muke, ƙasa da Harami, inda ɗakuna duk na garwa ne da aka fasa aka miƙar aka kafe da ƙusa. Mukan karɓo tufafin attajirai daga cikin gari har unguwar Zahir, mu sayi ruwa a hannun 'yan ga-ruwa, mu wanke, mu sa bula, mu buge, mu mayar. Jarinmu kaf abu ɗaya ne, dutsen da muke wanki a kai. Fari ne fat, irin wanda Larabawa ke ce wa marmar, in an tsayar da shi ya kai ƙirjin mutum, kuma sumul yake, ba ya cin zare. Sauran matan unguwa a kan baƙin dutsen Makka suke wanki, mai kaushin tsiya, shi ya sa masu fararen riguna na tsada mu suke nema.

Babana ne ya kawo shi tun ina goye. Lokacin da mulki ya sauya hannu, aka rushe ƙubbobin da ke kan kaburbura aka ce kowane kabari ya koma daidai da ƙasa, Baba yana cikin leburorin da aka ɗauka kwasar ɓaraguzai a maƙabarta. Ya ga wannan a yashe bai fashe ba, ya ce wannan ya yi wa matata. Ya naɗe shi a buhu ya goyo shi tun daga can saman gari. Inna ta ce tun daga ranar bayansa bai ƙara miƙewa daidai ba. Ina da shekara bakwai ya rasu, aka kai shi wannan maƙabartar dai, ba alama ba komai, yadda ake sa kowa.

Kullum dutsen a kife yake. Sai da na yi wayo na ga fuskarsa, ranar da muka ɗaga shi don mu kori kunama. Kai! Sassaƙa ce da ban san hannun ɗan Adam yana iyawa ba. A can sama an fitar da tarin furanni sun yi tsiri. A gefe guda akwai wata doguwar bishiya siririya, miƙe sak, ba reshe ko ɗaya da ya fita. A ɗaya gefen fure ne babba, amma karansa a karye, kansa ya sunkuya, ga wani ɗan ƙaramin toho a jikinsa da bai buɗe ba. Tsakiya kuma rubutu ne layi-layi, baƙaƙen sun taso sama, kana shafawa kana jin su a yatsa.

Inna ta ce ba su zauna cikin duhu a kansa ba. Baba ya san wani tsoho Baturke mai gyaran agogo, mutum mai riƙon amana, ya kawo shi gida ya duba. Tsohon ya ce harshensu ne, baƙaƙen kawai suka yi kama da Larabci. Dutsen kan kabarin wata mace ce da ta zo aikin haji da mijinta tun zamanin mulkin Turkawa. Ya ce a wurinsu namiji rawani ake sassaƙa masa, mace kuma furanni. Doguwar bishiyar nan ba ta kaɗe ganye rani da damina, kuma tsayuwarta irin ta alif ce, don haka tana tuna wa mai wucewa cewa Allah ɗaya ne kuma Shi kaɗai ke wanzuwa. Furen da ya karye yana nufin da ƙuruciyarta ta tafi. Ƙaramin tohon kuwa ɗan da ta rasu wajen haihuwarsa ne, shi ma bai zo da rai ba. Layin ƙarshe roƙo ne, duk wanda ya tsaya a nan ya yi mata fatiha. Ya karanta musu sunanta da na ubanta, ya share hawaye, ya ƙi shan shayin da aka zuba masa.

Sunan ya yi wa Inna nauyi a baki, kafin sati ya zame mata. Baba ma haka. Kafin su sake nemo tsohon ya koma ga Allah. Sai ta riƙa ce mata baƙuwarmu. Kowace safiya kafin ta ɗora rigar farko, sai ta dafa dutsen ta yi fatiha. Takan ce, "Da bayanta muke cin abinci, abin da ta roƙa ɗaya ne, ai ba ma hana ta ba." Don sabulu kada ya ci rubutun ne ma take kife shi. Burinta guda a duniya, kuma ta sha faɗa mini: ta sami wanda zai sake karanta mata sunan, ta riƙe shi da kyau, ta je ta yi wa baiwar Allah ɗawafi ta ambace ta da sunanta. Amma dutsen kabari ba abin da ake kiran baƙo ya gani ba ne a Makkan wancan lokacin. Kullum sai ta ce wata rana.

Ana nan, bayan yaƙin Turawa ya ƙare hanya ta buɗe, sai ga Baffa. Lokacin ina da wajen shekara ashirin da 'yan kai, aurena na fari ya mutu na dawo gida. Shekara goma sha huɗu ya yi a hanya daga Kano. Duk wanda ya bi ta Sudan ya ɗebi auduga ko ya yi dako ya tara kuɗin jirgi, kana ganin hannunsa ka sani. Hannun Baffa kuwa laushi luɓus kamar na amarya. Rawani ne a kansa ya yi kwandon tallan alayyafo, ga carbi har gwiwa, ga gyaran murya kafin kowace magana. Karatunsa ko izu biyu bai cika ba, ni na ji shi da kunnena yana cin tuwo a ƙananan surori. Inna ta ce ɗan'uwa rabin jiki, ta share masa ɗakin Baba. Wata shida yana ci yana kwance, ko garwar ruwa bai taɓa kama mana mun sauke ba.

Ranar da muka sake ɗaga dutsen don share ƙarƙashinsa, yana zaune a inuwa yana sakace. Ya taso ya leƙa. Wallahi na ga lokacin da idonsa ya yi wal. Abin nema ya samu!

Ya ce, "Yaya, kin san abin da kike take wa baya shekara da shekaru? Wannan ai dutsen wani babban waliyyi ne. Ba ki ga rawaninsa ba?"

Inna ta ce, "Malam, furanni ne. Mace ce, an karanta mana."

"Wa ya karanta? Mai gyaran agogo? Ni da na yi shekara goma sha huɗu ina bin malamai?"

Na ce, "To Baffa, karanta mana layi ɗaya mu ji."

Ya sunkuya ya yi ta motsa baki, ya kamo kalmar fatiha a ƙasa, don ita kam ko ni na gane ta. Ya ɗago ya ce sauran sirri ne, ba a karanta wa mata.

Da Inna ta ce a mayar da dutse a kife, sai ya fito da abin da ya ɓoye. Wai gado. Ɗan'uwansa ya rasu bai bar ɗa namiji ba, don haka yana da kaso a duk abin da ya bari. Ka ji fa! Mutumin da bai san ranar da aka binne wansa ba. Ya kai mu gaban dattawan unguwa. Su kuma bayin Allah suka yi ta shafa gemu, ga rawani a gabansu ga mata biyu masu hannu duk zaizayar sabulu, ai ka san inda za a karkata. Suka ce dutse ba ya rabuwa, amma yana da gefe biyu. Bayansa namu, mu yi wanki daga asuba zuwa azahar. Fuskarsa ta Baffa, daga azahar zuwa magariba. Kuma da yake shi wai yana da ciwon ƙugu, mu ne za mu riƙa juya masa shi kullum.

Haka muka koma. Da azahar mu ɗauraye dutse, mu yi nishi mu jingine shi da bango, shi kuma ya shimfiɗa buzu a gefensa. Kun san mutanenmu da rubutun sha. A rubuta aya a allo, a wanke, a sha, tun a gida muka gaji wannan. To Baffa ya samu allon da ba ya buƙatar tawada balle karatu. Ya kwarara ruwa daga sama, ya bi ta kan baƙaƙen, ya tara a kwano a ƙasa, shi ke nan magani ya haɗu. Ruwan ma namu ne na wanki yake ɗiba.

Labari kuwa kullum ƙara kiɓa yake. Yau waliyyin daga Bagadaza ya zo, gobe a ƙafa ya taka teku. Doguwar bishiyar ta zama sandarsa. Furen nan mai karyayyen kara, wai sunkuyawa ya yi yana gaida shehu. Ɗan tohon kuma, a nan ne ya fi cin kasuwa, wai alamar haihuwa ce, duk macen da ta sha za ta sauka lafiya. Sababbin alhazai da suka sha wuyar hanya suna zuwa, ba na ganin laifinsu sosai, mutum ya baro gida shekaru yana neman albarka, komai aka nuna masa a Makka sai ya kama. Amma matan unguwarmu fa? Waɗanda suka san dutsen nan tun muna buga wandunan mutane a kansa? Su ma suka yi layi da 'yan kofunansu. Tir!

Ranar da na ga wata mai tsohon ciki ta manna cikinta a kan furen, na kasa haƙuri. Na ce, "Baiwar Allah, mai dutsen nan wajen haihuwa ta rasu." Ta zabura ta ja da baya. Baffa ko gezau. Ya yi murmushi ya ce ai shi ya sa, duk wahalar an riga an ɗauke muku. A take ya sauya, waliyyin ya zama waliyyiya, layi ya ƙara tsawo. Inna ba ta iya faɗa ba, ɗaki take shiga ta rufo ƙofa. Na same ta tana kuka, ta ce, "Fatiha ta roƙa. Duk waɗannan da ke shan ta, ko ɗaya bai yi mata ba."

Zance ba ya ɓuya a unguwar da bangonta garwa ne. Wani ɗan ga-ruwa dattijo, abokin Baba, ya ja Inna gefe ya ce magana ta kai kunnen masu sanda, waɗanda ke zagaye suna hana irin wannan. In suka zo, dutse dai sai guduma, mu kuma da ba mu da takardar zama Allah kaɗai Ya san inda za a kai mu. Inna ta faɗa wa Baffa. Ya ce dutsen zai kare kansa. Washegari ya naɗa rawani ya hau mota zuwa Jidda, wai jirgin ruwa ya iso da mutanenmu, zai je ya taro su tun kafin wani ya riga shi.

Yana fita Inna ta ce mini za ta shafe fuskar dutsen. Na ce sunan fa? Sai ta buɗe akwatinta ta ɗauko farin yadi sabo, wanda ta saya ta jiƙa da Zamzam ta ajiye don likkafaninta. Shi kaɗai ne sabon ƙyalle a gidan. Ta kankare baƙin gindin tukunya ta dama da ƙaro, irin yadda ake haɗa tawadar allo. Muka kwantar da dutsen, muka ɗan jiƙa yadin muka shimfiɗa, muka danna shi ya shiga kowane lungu. Ta ƙulla tsumma ta riƙa dangwalawa tana bi a hankali. Sai ga baƙaƙe suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ga bishiya, ga fure da ɗan tohonsa, raɗau. Na daɗe ban ga Inna ta yi dariya irin ta ranar ba. Ta ce dutse ba ya ɗaukuwa amma ƙyalle yana shiga cikin ƙullin wanki. A wani gida da muke karɓar kaya a Zahir ranar Alhamis akwai wata tsohuwa Baturkiya da ba ta fita, an ce tana karatu. Ita za ta kai wa.

Da ya bushe ta ninke ta mayar akwati. Sannan muka ari guduma da wani ƙarfe mai baki. Inna ta dafa dutsen ta ce, "Ki yafe mini, baƙuwarmu," ta fara daga furannin sama. Kwana biyar muna yi, mu sassare, mu goge da baƙin dutse da yashi da ruwa. Hannuwanmu suka yi kanta suka fashe. Da muka zo kan ɗan tohon nan ta miƙo mini ƙarfen ta juya baya, ni na cire shi. Rana ta shida fuska da baya duk sun zama ɗaya.

Ranar Talata Baffa ya dawo, da mutum wajen goma a bayansa. Ya tarar da dutse sumul. Wayyo, zo ka ga bori! An cinye masa gado, an yi wa waliyyiya ta'adi, sai ya kai mu gaban alƙali. Yana cikin kumfar baki sai aka yi sallama da Larabci, masu sanda ne su biyu. Kafin in waiga babu Baffa. Suka zagaya dutsen, suka sa muka juya shi, ɗaya ya ƙwanƙwasa da sandarsa, ya ce wa ɗan'uwansa wannan ai na wanki ne, suka fita. Sai ga tarin kayan dattin da ke lungu yana motsi. Malam ya fito da wandon wani Balarabe a kan rawaninsa.

A nan ne bakina ya ja mana. Na yi dariya har na riƙe ciki, shi kuma don borin kunya ya ce ai ga shi mun yi biyu babu, mun shafe sunan da uwata ke kuka a kai. Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma ina! Sai da na ce, "Kai ne ka yi asara, Baffa. Mu namu rubutun yana nan a akwati, jibi za a karanta mana." Inna ta harare ni. Shi kuwa sai ya gyara rawani. Har yau in na tuna wannan maganar sai in ji kamar in ciji harshena ya fita.

Ranar Laraba muka ɗauki wankakkun kaya muka shiga gari rabawa. Sai bayan la'asar muka dawo. Tun daga bakin lungu muka riƙa cin karo da mata da baƙin alhazan nan, kowa da kofi, leɓunansu baƙi-baƙi. Muka ƙara sauri. Muka shiga, ga akwatin Inna a buɗe, ga babbar tasarmu da sauran baƙin ruwa a gindinta. Ga yadin a kan igiya yana ɗiga.

Baffa yana kan buzunsa. Ya ce, "Yaya, kada ki ɗaga hankalinki. Mutane sun taso tun daga Jidda saboda ni, in mayar da su haka? Ai wannan ma ya fi na dutsen ƙarfi, don shi da tawada. Kuma ga ƙyallenki nan na wanke miki."

Mutumin da bai taɓa wanke ko hularsa ba, ranar ya yi wanki. Na rarumi guduma, wallahi da ba don maƙwabta sun riƙe ni ba da yanzu wani labarin nake bayarwa. Na zage shi ta uwa ta uba, na manta ubansa kakana ne. Dattawan nan da suka raba mana dutse su ne suka zo ba ni haƙuri, wai babba ne. Bai ƙara kwana a gidan ba, wannan kam na tsaya a kai. Na ji daga baya ya koma wata unguwa yana sayar da ƙasa a ƙulle-ƙulle.

Ita kuwa Inna a ranar, yadinta ta nufa. Ta je ta tsaya gaban igiya, ta kama gefen yadin ta ɗaga shi saitin rana, ta daɗe tana dubawa. Babu baƙi ko ɗaya da ya rage. Sai dai wani dishi-dishi mai ruwan toka a tsakiya, inda layukan suke. Ta murza shi a yatsa yadda take duba aikina, ta ce, "Ko ɗauraya bai iya ba."

Na ce ta kawo in wanke shi da kyau in sa masa bula. Ta ce a'a, abin da ya rage mata ke nan. Ta bari ya bushe ta ninke ta mayar akwati. Ranar Alhamis muka je Zahir muka karɓo kayan wanki muka dawo, ba ta ko tambayi tsohuwar ba.

Ta ƙara shekara tara tana wanki a kan dutsen, kuma ba ta fasa fatihar safe ba ko sau ɗaya. Ɗawafin ma ta yi, ta ce ta faɗa wa Allah Shi Ya san sunan. Da ta rasu, matan da suka zo taya ni suka warware yadin suka ga tabon, ɗaya ta ce haba, mai wankin unguwa guda a sa ta a wannan? A kawo sabulu mana. Cikinsu har da waɗanda suka sha baƙin ruwan nan. Na karɓe abina daga hannunta. A haka na naɗe Inna, da tabon a saitin ƙirjinta.